Shagon littattafan da ke barin mai karatu ya zaɓa da kansa

Akwai wani shagon littattafai a kusa da Bata, kan hanyar shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, wanda na shafe shekaru ina sayayya a cikinsa. Ina ganin ya cancanci a yi magana a kansa, domin yadda mai shagon yake tafiyar da sana'arsa ya taɓo tambayar da ta daɗe tana damun marubutan Hausa, wato wane ne ke da ikon yanke hukuncin abin da ya dace jama'a su karanta.

Wurin ba shi da girma, idan mutum huɗu suka shiga sai sun riƙa kauce wa juna. A kantar dama akwai littattafan da ɗalibin zaure yake farawa da su, Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala, tare da fassarar wasu rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A hagu kuwa ƙagaggun labarai ne, irin waɗanda aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, kuma yawancinsu mata ne suka rubuta su. Dattijon da ke da shagon, wanda kowa ke kira Baba, yana karanta yawancin abin da yake sayarwa. Idan uwa ta zo nema wa 'yarta littafi, yakan gaya mata gaskiya cewa wannan na manya ne, wancan kuma ya dace da yarinya, amma ban taɓa ganin ya ƙi karɓar littafi don kawai ya yi magana a kan auren dole, ko sakin wulaƙanci, ko malamin da ya ci amanar almajiransa ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da ya faru a garin nan. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, sannan a 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan labarai a bainar jama'a bisa zargin suna lalata tarbiyyar ɗalibai mata, daga baya kuma aka buƙaci marubuta su yi rajista da hukumar. Ba na musun cewa akwai littattafan batsa da marubutansu suka zubar da mutuncin alƙalami, kuma iyaye suna da hujjar damuwa. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yi kuɗin goro, aka haɗa mai batsa da wadda ta rubuta kukan matar da aka zalunta, alhali tarihin addininmu a ƙasar nan bai ce marubuci ya kama bakinsa ba. A cikin littafinsa Nurul Albab, Shehu da kansa ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa don ilimi ya isa ga matan ƙauyuka. Idan na tsaya tsakanin kantocin nan biyu, ina ganin na hagu suna ci gaba da aikin da na dama suka fara, ko da wasunsu ba su kai ga ƙwarewa ba.

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma na faɗa wa Baba shi ido da ido. Sau biyu ina sayen littafi na tarar bugun sata ne, takardar ta dushe, wasu shafuka sun ɓace. Marubuciyar da ta jure zagi da tsangwama kafin ta fitar da littafinta ba ta cancanci a cinye mata haƙƙin guminta a shagon da ke mutunta rubutunta ba. Haka kuma sabbin marubuta ba su da yawa a kantar, domin da yawansu sun koma sakin labaransu ta WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad, shi kuma bai nemi hanyar jawo su ba.

Farashinsa da sauƙi, kuma yana yin ragi ga ɗalibai. Wanda zai je ya fi kyau ya je da hantsi kafin kasuwa ta cika, lokacin da Baba yake da sukunin zama ya tattauna da shi, sannan ya buɗe littafin ya duba shafukansa sosai kafin ya biya.