requests ko httpx, wanne ya dace da manhajar sayar da data?

Malam, na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa kana rubuta ɗan kod da Python wanda zai riƙa tura odar data da katin waya zuwa API na dilan da kake saye wurinsu, wato ƙofar da manhajarka ke magana da tasu, kuma wani abokinka can jami'ar Ɗanfodiyo ya ce maka requests ta tsufa, ka koma httpx. To su biyun laburare ne na Python da kod ke amfani da su wurin tura saƙo zuwa saba, wato kwamfutar da ke karɓar oda ta ba da amsa, bari in ajiye maka su kusa da juna ka gani da idonka.

Maganar tsufa dai gaskiya ce, requests ta girmi httpx nesa ba kusa ba, Kenneth Reitz ya fitar da ita tun 2011, ita ko httpx sai 2019 ta bayyana daga hannun Tom Christie, mutumin nan da ya yi Django REST framework. Amma da gangan anka gina httpx ta yi kama da requests, shi ya sa in ka rubuta requests.post(url, json=oda) can, nan ma httpx.post(url, json=oda) ne, r.status_code da r.json() da r.raise_for_status() duk suna nan yadda ka san su. Wanda ya iya ɗaya rabin yini ya ishe shi ya kama ɗayar.

Inda sunka rabu shi ne abin da kowace ke yi in ba ka gaya mata komai ba, kuma nan ne ya shafe mu mu da ke fama da netwok wanga namu. requests ba ta da iyakar jira ko kaɗan sai ka sa da hannunka. Ka tura oda, netwok ya ɗauke tsakiyar hanya, kod ɗinka zai tsaya cik, ba kuskure ba amsa, kwastoma yana tsaye bakin shago a Mabera yana tambayarka ina datarshi kai ko kana kallon allo. httpx ita daƙiƙa 5 ta yanka tun daga gida, in shiru ya wuce haka ta jefo maka kuskure. Sai dai fa 5 ɗin nan kan yi kaɗan ga API na sayar da data, don su ma sai sun jira kamfanin layi ya amsa musu, to ko wacce ka ɗauka kai za ka rubuta naka. A requests timeout=(5, 30) kenan, 5 na ƙulla haɗi, 30 na jiran amsa. Kuma 30 ɗin ba jimillar lokaci ba ce, tsawon shirun da za ta haƙura da shi ne kafin wani abu ya iso daga saba.

Na biyu, in saba ta ce adireshi ya canza, wato ta amsa da lamba 301 ko 302. requests bin shi take kai tsaye ba ta tambayarka, httpx ko tsayawa take ta miƙo maka 301 ɗin sai in ka sa follow_redirects=True. Da farko za ka ce requests ta fi kirki, amma duba nan: ka rubuta http maimakon https, ko ka manta ɗan / na ƙarshen adireshi, saba ta juya ka, requests ta bi amma ta mai da POST ɗinka na tura oda ya koma GET na tambaya kawai, ta zubar da odar a hanya, sai ka ga 405 ko wata amsa da ba ta da kai ba ta da gindi, ka kwana kana zargin dila alhali harafi ɗaya ne. A wannan kam ni httpx na ba gaskiya.

Sake gwadawa kuwa requests ce gaba. Tunda bisa wani laburare mai suna urllib3 take zaune, kana iya haɗa Retry da HTTPAdapter cikin Session ka ce in an samu 502 ko 503 ko 504, wato matsala daga ɓangaren saba, a ɗan jira a sake, kuma jiran yana ƙaruwa kowane zagaye. Na httpx, HTTPTransport(retries=3), gazawar ƙulla haɗi kaɗai yake rufewa, saura sai ka rubuta da kanka. Amma don Allah kada ka tilasta ma POST na sayen data sake tafiya don kawai lokacin jira ya ƙare. Ƙarewar jira ba ta nufin oda ba ta shiga ba, mai yiwuwa ta shiga amsar ce ta ɓace, ka sake turawa an cire kuɗi sau biyu daga walat ɗinka, kwastoma ya sha data biyu a kuɗin ɗaya kuma ba dawo maka zai yi ba. Shi ya sa ma Retry bai sa POST cikin jerinshi na asali ba. Ka ba kowace oda lambarta, ka adana kafin ka tura, in shiru ya yi ka tambayi matsayinta da GET tukuna.

Wani abin da dukansu sunka yi tarayya, 404 ko 500 ba ya tsai da kod sai ka kira raise_for_status(), kuma in saba ta faɗi ta turo shafin HTML, r.json() fashewa zai yi, to ka duba lambar amsa kafin ka buɗe ta.

Babban abin da httpx ke da shi wanda requests ba ta da shi sam shi ne async, wato kod ya ci gaba da wata oda yayin da ɗaya ke jiran amsa, sai HTTP/2, sabuwar sigar hanyar magana da saba, in ka girka ƙarinshi, wanda a aikinka ba na jin za ka ga bambanci. In bot na Telegram za ka yi da python-telegram-bot daga siga ta 20 zuwa sama, ko FastAPI da async def, to httpx.AsyncClient za ka ɗauka, don requests a ciki takan tsai da kowa har mutum ɗaya ya gama, mutum goma sun turo oda tara na layi. In ko Django ne ko Flask ko ɗan kod da ke tafiya oda bayan oda, zauna kan requests ɗinka da Session, ga shi duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ya tambaya a Stack Overflow. Gaya min da me kake gina manhajar in turo maka misalin da ya dace.