Garin tagulla na fentin gwal: kyau a ɗaki, wahala a rana

Garin da masu kayan fenti ke sayarwa a kasuwar Sakkwato da sunan hodar gwal ba zinariya ba ce, tagulla ce aka daka ta koma ɓawo-ɓawo siriri. Tagulla kuwa haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, kuma yawan tutiyar ke sauya launi. Mai tutiya kashi 30 cikin 100 rawaya ne mai ɗan kore-kore, mai kashi 10 ya fi karkata ga ja. A kan baƙin get ko kan gadon ƙarfe, mai ja-ja ɗin ya fi cika ido.

A fara da duba nauyi. Tagulla ta ninka ruwa nauyi fiye da sau 8, don haka gwangwanin da ya cika amma ba ya jan hannu, mai yiwuwa alminiyam ne aka rina. Idan maganaɗisu ya ɗauki wani abu, an yi algus da garin ƙarfe.

Wajen haɗi ake yin ɓarna. A jiƙa garin da tina (ruwan tsinka fenti) kaɗan ya yi kaurin kunu, sannan a zuba banish, awo 1 na gari ga awo 3 ko 4 na banish, a juya da sanda a hankali. Bugu da ƙarfi yana karya ɓawon, ƙyallin ya mutu. Kada a haɗa fiye da na aikin yini, domin banish mai tsami (mai asid) yana cin jan ƙarfen da ke cikin garin, kafin kwana biyu haɗin ya yi kore ko ya daskare. Fentin ruwa kuwa kada ma a gwada, sinadarin amoniya da ke cikin mafi yawansa yana ɓata launin nan take.

Yanayinmu bai yi masa sauƙi ba. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, tina kan bushe kafin ɓawon ya taso ya kwanta, sai aikin ya fito dishi-dishi. A yi feshi da sassafe, cikin inuwa. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Ƙarfe sai an goge shi da samfefa an shafa jan fentin hana tsatsa, a ƙarshe a rufe gwal ɗin da banish marar launi shafi biyu, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe shi ya yi duhu. Dukawa ma su lura: fatar da aka jeme da bagaruwa tana baƙanta shi, sai an toshe fuskar fatar tukuna.

Mai walda kada ya saya. Garin tagulla na liƙe ƙarfe da na takalmin birki wani iri ne dabam, mai tsakuwa-tsakuwa, wanda ke narkewa a wajen digiri 900.

Ga kujeru, firam da adon cikin ɗaki ya ci kuɗinsa. Ga get mai fuskantar yamma, a shirya sake shafawa. A sa takunkumi lokacin awo, garin yana tashi kamar toka.