Shuɗi mai haske ko mai duhu: wanne za ki sa a falo, wanne a ɗakin kwana?

'Yar'uwa, kin ce zuciyarki ta tsaya a kan shuɗi, sai dai kin rasa zaɓi tsakanin mai haske irin na sararin samaniya da mai duhu irin na rini. Falonki yana da babbar taga mai kallon yamma, kujerunki ruwan ƙasa ne, tayil kuma fari ne da ya ɗan ja ruwan madara. Ɗakin kwana ƙarami ne, katangar maƙwabta ta tare masa taga. Shirinki shi ne mai haske ya je ɗakin kwana don ya buɗe shi, mai duhu ya zauna a falo don ƙasaita. Maigida kuwa ya ce duk ɗakin da aka shafa wa mai duhu ya zama rami.

Da ni ce ke, da juya shirin nan zan yi: mai haske a falo, mai duhu a ɗakin kwana. Na san abin zai yi miki banbaraƙwai, amma ki ba ni aron kunnenki.

Fenti ba ya haifar da haske, abin da ya samu shi yake mayarwa. Manyan kamfanoni suna rubuta wata lamba a bayan katin launi ko a bayanin fentin, ana ce mata LRV, daga 0 zuwa 100. Tana nuna kashi nawa na hasken da ya faɗi a bango yake dawowa cikin ɗaki. Shuɗi mai haske yakan tsaya wajen 60 zuwa 70. Masu duhun da suka yi suna, irin Hale Navy na kamfanin Benjamin Moore da Naval na kamfanin Sherwin-Williams, duk ba su kai 10 ba. A takarda kam mai haske ya ci gasar. To amma kashi 65 na hasken da katanga ta riga ta cinye nawa ne? Babu abin kirki. Abin da zai faru a ɗakin kwananki shi ne shuɗin ya mutu, ya koma kalar toka, kusurwoyi su yi kamar an daɗe ba a share yana ba. Shuɗi mai haske ɗan rana ne, in babu ita sai ya yi ta zumɓura baki.

Mai duhu bai dogara da rana ba. A ƙaramin ɗaki yana haɗiye kusurwoyi, ido ya kasa cewa ga inda bango ya ƙare, shi ya sa ɗakin ba ya matsewa yadda ake tsoro. Ki kunna fitilar gefen gado ki ga yadda farin zanen gado da madubi suke fitowa fes a jikinsa. Kuma ki tambayi kanki: da wane lokaci kike zama a ɗakin nan? Yawanci da dare ne, lokacin da ƙwan lantarki ke mulki, taga ba ta da ta cewa.

Maigida ma yana da tasa gaskiyar, kada ki raina ta. Da rana tsaka ɗakin zai buƙaci a kunna wuta kafin a nemo ɗan kunnen da ya faɗi. Idan a nan kike ɗinki ko karatu ko shirya yara da safe, to ki manta da mai duhu a bango huɗu. Idan kuwa na barci ne da ajiyar kaya, ki bar silin fari, labule mai haske, ƙofa da firam ɗin taga su ma fari, ramin da yake tsoro ba zai haƙu ba.

Falon kuwa shi ne gidan mai haske. Tagar yamma tana ba da haske mai sanyi da hantsi, daga la'asar kuma sai ta zubo da wani mai ja-ja da ke ɗumama bango. Ruwan ƙasa ɗan gidan ruwan lemo ne, shi kuma ruwan lemo kishiyar shuɗi ne a jerin launuka, don haka kujerunki za su ƙara fitowa, bangon ma ya ƙara kyau saboda su. In kika sa mai duhu a nan zai yi kyau a hoto, ban musa ba, amma ranar yamma za ta riƙa dukan bangon a karkace tana tona duk wani tudu da kwarin da magini ya bari a filasta.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa, kuma ya fi maganar haske da duhu muhimmanci a wurina. Babu shuɗin da yake shuɗi zalla. Kowanne yana da ɓangaren da ya karkata: wani ya ja kore, wani ya ja shunayya, wani ya ja toka. Abin ya samo asali tun daga garin launin. Garin shuɗin da ake kira altramarin, wanda a da ake niƙawa daga dutsen lazurdi na Afganistan kafin a iya haɗa shi a masana'anta a Faransa wajen 1828, ja yake karkata wa. Shuɗin Furushiya da aka gano a birnin Balin na Jamus a farkon ƙarni na 18, da na sinadarin fatalosayanin da ya shigo kasuwa a shekarun 1930, su kore suke karkata wa. Fentin gida na yau ana ɗiga masa baƙi ko ja ko rawaya a kan shuɗin, kuma ɗigon nan ne yake yanke hukuncin yadda bango zai kasance da magariba.

A falonki, mai haske da ya ja shunayya zai haɗu da jan hasken yamma ya koma kalar da ba ki saya ba, ga tayil mai ruwan madara a ƙasa yana ƙara tona masa asiri. Ki nemi wanda ya ja toka da ɗan kore kaɗan. A ɗakin kwana kuma mai duhu ya fi yafiya, amma shi ma wanda ya ja kore ya fi zama lafiya da katakon gado da na kabad. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki ɗora katunan uku ko huɗu a kan farar takarda, gefe da gefe. Shi kaɗai kowanne shuɗi ne, amma da sun jeru za ki ga wannan ya yi kore, wancan ya yi shunayya. In a gabanki ake haɗa fentin, ki tambayi mai haɗawa me da me yake ɗigawa.

Ni kaina na taɓa cin wannan duka. Na zaɓi wani shuɗi a katin da bai wuce akwatin ashana ba, mai daɗin kallo kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Aka shafe min dogon lungun shiga ɗakuna da shi. Da na dawo da yamma na buɗe ƙofa, sai na tsaya riƙe da makulli: bangon ya yi tsawa kamar rigar 'yan makaranta, mai fenti yana gefe yana wanke rola yana jiran yabo. Laifin ba nasa ba ne, lambar da na ba shi ita ya shafa. Launi yana ƙara ƙarfi idan ya samu fili, shuɗi mai haske kuma ya fi kowa wannan hali. Tun daga ranar, wanda ya burge ni a kati nake tsallakewa in ɗauki maƙwabcinsa da ya fi shi toka-toka, wanda a kati yake kamar ba shi da rai. A bango shi ne yake fitowa daidai.

Ƙwan lantarki kuma ki saye shi kafin fenti. A jikin kwalinsa akwai lamba mai harafin K. Mai 2700K haskensa rawaya-rawaya ne, yana kwantar da shuɗi ya ɗan ja shi zuwa toka ko kore, kuma shi nake so da mai duhu a ɗakin kwana. Mai 6500K fari ne fat har ya ja shuɗi, in ya haɗu da bango mai haske sai falo ya yi sanyin ɗakin jiran likita. Tsakanin 3000K da 4000K ya ishi falo.

Ta fuskar sauƙin aiki kuwa, mai haske ya yi wa mai duhu fintinkau. Shafa biyu ta ishe shi, kuma in wani wuri ya ƙwarzane aka taɓa shi da burushi ba a cika ganewa ba. Aibinsa hannun yara: zai nuna dauɗa wajen makunnin wuta da bayan kujera, don haka ki sayi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, mai ɗan sheƙi kaɗan. Mai duhu ana haɗa shi ne a kan fentin da farin gari ya yi ƙaranci a ciki, shi ya sa ba ya rufe bango da wuri. Sau da yawa sai an shafa sau uku, sai dai in an fara shimfiɗa fenti ruwan toka a ƙasa. Yana nuna sawun rola in mai fenti ya tsaya a tsakiyar bango ya tafi amsa waya. Yana nuna ƙura. In mara sheƙi ne, duk inda kafaɗa ta saba gogawa sai ya yi ƙyalli. In bangon yana da laima, farin gishirin da ke tsattsafowa daga siminti zai fito a kansa ɓaro-ɓaro, don haka in sabuwar filasta ce ki ba ta aƙalla mako huɗu ta bushe. Ranar da kika gaji da shi kuma, komawa fari aiki ne ja.

Lissafin bai da wuya. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya, in bangon ba mai shan fenti ba ne. Ɗaki mai mita 4 da 3, tsayin bango mita 3, in aka cire ƙofa da taga zai ba ki wajen murabba'in mita 38. Shafa uku ke nan lita 10 zuwa 11. Ki saya gaba ɗaya, a juye bokitan wuri guda a gauraya kafin a fara, domin bambanci kaɗan tsakanin bokiti da bokiti mai duhu ba ya ɓoye shi.

Kafin duk wannan, ki sayi ƙaramin gwangwani na kowanne. Kada ki gwada a jikin bangon, tsohon fentin da ke kewaye zai ruɗe miki ido. Ki samu faffaɗan kwali ko falanki biyu, kowanne kamar rabin mita, a shafa sau biyu a bari ya bushe sosai, don fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. Ki jingina mai hasken bayan kujera, gobe ki mayar da shi kusa da taga, ki duba da hantsi, da la'asar, da bayan an kunna wuta, har kwana uku. Mai duhun kuma ki kai shi bayan kan gado, ki kashe ƙwan sama, ki kunna fitilar gefe, sannan ki kira Maigida. In har ya gani ya ce shi dai rami yake gani, a shafa wa bangon kan gadon kaɗai, sauran ukun a bar su fari mai ɗan ruwan madara irin na tayil ɗinki.