AODV ko OLSR: Wanne Ya Fi Isar da Bidiyo?

A ce 'yan gwarin kasuwar Mile 12 ta Legas na son nuna saukar tumatir kai tsaye ba tare da turken sadarwa ba, wayoyi su riƙa miƙa wa juna bidiyon har ya isa. Dole a samu tsarin neman hanya. AODV da OLSR na cikin fitattu, kuma a 2003 aka fitar da ƙa'idojinsu.

AODV ba ya neman hanya sai buƙata ta taso. Ya cilla tambaya ko'ina, ya jira amsa, shi ya sa bidiyo kan yi nawa da farko. In ɗan dako mai wayar tsakiya ya kewaya bayan tirela, hanya ta yanke, hoto ya daskare sai an sake nema.

OLSR kuwa taswirar hanyoyi na hannunsa kullum, domin wayoyin na aika wa juna saƙon gaisuwa duk daƙiƙa 2, labarin hanyoyi duk daƙiƙa 5. Bidiyo na tashi nan take, amma surutun nan na cin batir ko ba mai kallo, kuma in ana yawan kai-kawo taswirar kan tsufa. Ga masu zaman rumfa dai, OLSR zan zaɓa.