Rumfar gyaran waya da ta hana ni sayen sabon batir a Damagaram

A farkon watan Afrilu, lokacin da bazara ta kankama a Damagaram, wayata ta shiga wani hali da ya dame ni ƙwarai. Nakan cire ta daga caji bayan sallar asuba tana cike, amma kafin a kira azahar sai in tarar abin da ya rage bai kai kashi 20 cikin 100 ba, alhali ina cikin aji tun safe, ban taɓa ta ba sai sau biyu ko uku. Wayar Android ce mai batir na 5000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka), ta shekara biyu da 'yan watanni a hannuna, kuma a shekararta ta farko takan kwana ta wuni ba ta nemi caji ba. Duk wanda yake zaune a garin nan ya san cewa a irin wannan lokaci ba kullum ake samun wuta a sa'ar da ake bukatarta ba, don haka waya mai saurin shanye caji ba ƙaramar matsala ba ce ga malamin makaranta da sanarwar aiki da saƙonnin iyaye duk ta cikinta suke iso masa. Na yanke shawarar sayen sabon batir, sai wani abokin aikina ya ce in fara biyawa ta wata rumfar gyara da ke kusa da Kasuwar Dole kafin in kashe kuɗina.

Rumfar ba ta da girma. Teburi ne guda da aka shimfiɗa wa tabarmar roba, a kansa akwai fitila mai dogon wuya, da gilashin ƙara girman abu, da ƙarfen narka dalma, da wani murfin gwangwani da ake zuba ƙananan kusoshi a ciki don kada su ɓace. A bango an jera wayoyi kusan goma suna caji, kowace da 'yar takarda manne a bayanta. Mai rumfar matashi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, yana da yaro guda da yake taya shi. Na jira kusan sa'a ɗaya a kan benci kafin layi ya zo kaina. Bayan mun gaisa na ce masa batir nake so ya sauya mini, sai ya karɓi wayar ya cire mata riga, ya kwantar da ita a kan wani gilashi ya danna kusurwoyinta ya ga ko za ta yi lilo, sannan ya ɗaga ta ya bi gefenta da ido. Ya ce, "Malam, batirin nan bai kumbura ba. Ka yi haƙuri mu ga abin da yake cin sa tukuna, in ya so idan sauyi ne sai a sauya."

Wannan maganar ce ta sa nake rubuta wannan sharhi, domin batura suna nan rataye a bayansa, kuma da ya sayar mini da ɗaya da na biya na tafi ina godiya. Maimakon haka ya miƙo mini wayar ya ce in buɗe ta da hannuna, bai tambayi lambar sirri ba, ya matso da kujerarsa kusa da ni yadda duk abin da zai taɓa ina gani. Ga na'urar da ke ɗauke da hotunan iyali da saƙonnin mutane, wannan ladabi ne da nake ganin ya kamata kowane mai gyara ya koya. Ya shiga saituna, wurin da aka rubuta Batterie tun da wayata da Faransanci take, ya buɗe jerin da ke nuna kason cajin da kowace manhaja ta sha tun cikawar ƙarshe. Ban taɓa buɗe wannan shafi ba a tsawon shekara biyu. A saman jerin akwai wata manhajar kallon gajerun bidiyo wadda ban wuce minti 20 a cikinta ba a ranar, amma ta yi sa'o'i tana aiki a bayan fage. Ƙarƙashinta akwai manhajoji biyu na share waya da ƙara mata sauri waɗanda ni da kaina na saukar, sai kuma wata manhajar tocila da aka ba izinin sanin inda nake dare da rana.

Bayanin da ya yi mini a taƙaice ne, kuma daidai yake. Ya ce idan fuskar waya ta yi duhu ba dukkan manhajoji ne suke barci ba. Wasu suna ci gaba da leƙa intanet suna neman sabon abu, wasu suna sauke talla ko bidiyon da za su nuna maka in ka dawo, wasu suna tambayar inda kake, kuma duk lokacin da ɗaya ta yi haka sai ta tayar da ƙwaƙwalwar wayar da na'urar kama rezo. Manhajar saƙonni tana da hujjar yin hakan, domin in ba haka ba saƙo ba zai shigo a kan lokaci ba, amma tocila ba ta da abin yi da wurin da mai ita yake tsaye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hukuncinsa a kan manhajojin share waya, waɗanda mutane da yawa a nan suke ɗauka magani ne. Ya ce su cire su shi ne aikin farko. Dalili kuwa shi ne Android ta daɗe da koyon yin wannan aiki da kanta. Tun daga Android 6 da ta fito a 2015 aka sa tsarin Doze, wanda yake jinkirta ayyukan bayan fage idan an ajiye waya ba a amfani da ita, yana tara su ya bar su su gudana lokaci-lokaci. Android 8 ta 2017 ta ƙara taƙaita abin da manhaja za ta iya yi idan ba a gabanka take ba, Android 9 ta 2018 kuma ta zo da tsarin da yake lura da manhajojin da ka fi buɗewa ya rage wa sauran kaso. Manhajar da take kashe sauran da ƙarfi tana rushe wannan tsari ne, domin waɗanda aka kashe sukan sake tashi, kuma tashi daga farko ya fi cin caji a kan ci gaba daga inda aka tsaya, ga ita mai sharar ba ta barci, ga tallan da take jawowa da megan mutum. Da wannan hujja ya hana ni wata ɗabi'a da na daɗe da ita, ta goge dukkan manhajojin da ke jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan duk bayan 'yan mintuna. Ya ce a goge wadda ta maƙale ko ta rikice, sauran a bar wa wayar.

Gyaran kansa bai kai rabin sa'a ba. Ya cire manhajoji uku, ya shiga shafin kowace daga cikin masu yawan ci ya taƙaita mata aikin bayan fage, ya mayar da izinin sanin wuri ya zama sai lokacin da ake amfani da manhajar, zaɓin da ya shigo tun Android 10 a 2019. Ya kashe sanarwar da ba ta da amfani, domin kowace tana kunna fuskar waya. Ya nuna mini yadda zan hana hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp sauka da kansu, ya rage hasken fuska, ya sa ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30. Da na tambaye shi batun mayar da fuskar baƙa, wanda na ji ana cewa yana adana caji, sai ya ce wannan gaskiya ne ga fuskar AMOLED, inda ɗigon da yake baƙi a kashe yake, amma tawa LCD ce, fitilar bayanta a kunne take ko fari ake nunawa ko baƙi, saboda haka kada in sa ran wani bambanci.

Ya kuma tambaye ni ko ina yawan tafiya, na ce ina zuwa Magarya a wasu ƙarshen mako. Ya ce a inda rezo yake da rauni waya takan ƙara ƙarfin da take neman eriya da shi, kuma mai layi biyu nema biyu take yi, shi ya sa matafiyi yakan isa da batir a ƙasa ko bai yi kira ba. Shawararsa ita ce a rufe intanet a kan hanya, ko a sa wayar a yanayin jirgin sama a wuraren da aka san babu rezo.

Inda ya fi daɗewa shi ne batun zafi, kuma nan ne na ga ya san garin da yake aiki a ciki. Batirin wayoyin yanzu na lithium ne, kuma zafi yana tsufar da shi tsufan da ba ya komawa. Kamfanin Apple ma yana gargaɗin masu wayoyinsa da su guji amfani da su ko yi musu caji a zafin da ya haura digiri 35, alhali a Damagaram ma'auni yakan wuce digiri 40 da rana a Afrilu da Mayu. Ma'ana, a waɗannan watanni wayoyinmu suna aiki ne a yanayin da ya zarce wanda aka tsara su dominsa, kuma duk manhajar da take motsi a ɓoye tana ƙara nata ɗumin a kan na gari. Ya lissafa mini abubuwan da yake gani kullum: ɗan kabu-kabu da ya ɗaure waya a kan babur rana tana dukanta, da mai yin caji a ƙarƙashin matashin kai, da mai kallon bidiyo waya tana jone da wuta, da wanda ya kai caji wurin masu sola aka jera masa waya a kan kwano mai zafi. Ya ɗora tafin hannuna a bayan wata waya da aka kawo masa a ranar, murfinta ya ɗago kamar burodi, ya ce irin wannan ba saiti take bukata ba, sauyi ne nan take domin tana iya kamawa da wuta. Ya ce in riƙa cire rigar roba yayin caji, in ajiye wayar a ƙasan siminti a inuwa, kuma in daina barin ta tana mutuwa ƙurmus kafin in jona ta, domin batirin lithium ya fi daɗewa idan yana yawo tsakanin kashi 20 da 80. Bai yi mini alkawarin da ba zai cika ba. Ya ce batir irin wannan yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa bayan cikawa da ƙarewa sau ɗaruruwa, nawa kuma ya kama hanyar haka, don haka wayar ba za ta koma kamar sabuwa ba, za dai ta daina zubar da abin da ya rage mata.

Haka kuwa aka yi. Tun daga washegari wayar take kai ni sallar isha'i da kusan kashi 30 a cikinta, kuma ta daina ɗumi a aljihu. Abin da ya karɓa jika ɗaya ne, wato sefa 1000, kuɗin da bai kama ƙafar na sabon batir ba.

Sai dai aikin bai rasa aibi ba, kuma wajibi ne in faɗa. A cikin manhajojin da ya taƙaita har da wadda muke amfani da ita wajen sanarwar makaranta, kuma bai tambaye ni ko ina dogara da ita ba. Kwana uku bayan haka aka aiko da sanarwar sauya lokacin wani taro da safe, ba ta shigo mini ba sai da na buɗe manhajar da kaina bayan la'asar, taron kuma ya riga ya wuce. Na koma wurinsa raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Laifina ne, Malam, ya kamata in tambaye ka," ya mayar da ita yadda take bai karɓi ko dala ba. Na yaba da yadda ya karɓi kuskurensa, amma kuskure ne da tambaya guda za ta hana shi, kuma ga mai sana'ar da oda take shigo masa ta waya asarar za ta fi tawa nauyi. Hannunsa yana da sauri fiye da yadda dattijo ko wanda bai saba ba zai iya bi, ba ya rubuta wa mutum abin da ya sauya, kuma ba ya ba da rasit. Bencin jira ma rabinsa a rana yake daga hantsi, sannan na ga an karɓi wayar wani da ya zo bayana saboda sanayya.

Duk da haka ina ba da shawarar wannan rumfa ga wanda wayarsa take shanye caji ba tare da ta kumbura ko ta faɗa ruwa ba, musamman wanda ba ya jin Faransanci ko Ingilishin da saitunan suke ciki, domin mai rumfar da Hausa yake bayani kuma ba ya gajiya da maimaitawa. Wanda zai je ya je kafin ƙarfe 10 na safe, ya tafi da cajarsa domin ita ma yakan gwada ta, kuma tun kafin a taɓa komai ya faɗi manhajojin da ba ya so saƙonsu ya yi jinkiri, ya nemi a bar su. Ni na koma karo na uku da takarda da alƙalami, na sa shi ya sake bin matakan a hankali ina rubutawa, kuma da wannan takarda na gyara wayar mahaifiyata da ta maƙwabcina a makon da ya biyo baya.