Turaren Full na Al-Rehab: ƙamshin yasmin da ya dace da ranakun bazara

Turarukan da muka gada a ƙasar Kano da Jigawa, wato humra da kwalacca da turaren wuta da almiski, an haɗa su ne domin su kama jiki da tufafi su daɗe, kuma babu lokacin da suka fi daɗi kamar daren hunturu, sa'ad da aka rufo ƙofa aka zuba garwashi a kasko hayaƙi ya ratsa labule da shimfiɗa. Amma idan bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 kuma iska ta tsaya cak a tsakar gida, wannan nauyin da muke yabo shi ne yake zame wa mace wahala da rana, domin humra idan ta haɗu da gumi a ƙarƙashin hijabi takan hau kai, har mai ita ta rasa inda za ta sa kanta. Watannin nan su ne lokacin da itatuwa ke tofo furanni ke buɗewa a ƙasashen Turai, shi ya sa masu haɗa turare a can suke ware musu ƙamshin fararen furanni marar nauyi. Yanayinmu ya sha bamban da nasu, amma buƙatar mace ta samu turaren rana mai sauƙi ta fi ƙarfi a wajenmu, kuma a kan wannan ne nake so in yi bayanin turaren Full, mai ƙamshin wani farin fure da ake kira yasmin.

Kamfanin Al-Rehab na ƙasar Saudiyya ne yake yin sa, kamfanin da aka kafa a shekarar 1975, wanda ƙananan kwalabensa suka daɗe suna shigo mana cikin tsarabar alhazai kafin su cika shagunan Kano su gangaro kasuwannin ƙauye. Wanda nake magana a kansa shi ne na shafawa, ɗan kwalba mai cin mililita 6 da ƙwallon murzawa a bakinsa. Turaren mai ne da ba a sa masa alkohol ba, abin da yake kwantar wa mata da yawa hankali game da yin salla da shi a jiki, kuma shi ne dalilin da ya sa ba ya tashi fuu kamar na fesawa ya cika ɗaki sannan ya ɓace.

Idan aka murza shi a bayan hannu, abin da yake fara zuwa hanci shi ne ƙamshin fure ɗanye mai ɗan kaifi, da alamar koren ganye a tare da shi, kuma a wannan ɗan lokacin na farko yana da ƙarfi ƙwarai, har wadda ba ta saba ba za ta iya yanke masa hukunci da wuri. Ina roƙon a ba shi lokaci kaɗan. Da zarar ya ji ɗumin jiki sai kaifin ya kwanta, zaƙin furen ya fito fili, ya zama ƙamshi mai tsabta da sanyi wanda ba shi da hayaƙi ko itace ko kayan yaji a cikinsa. Wadda ta taɓa wucewa ta ƙarƙashin darbejiya da sassafe a lokacin da ta yi fure, kafin rana ta ɗaga, ta san dangin wannan ƙamshin, sai dai na kwalbar ya fi cika da zaƙi. Ba turare ne mai canza launi sau da yawa ba. Yadda ya zauna bayan rabin sa'a haka zai ci gaba har ya dusashe, kuma ni a wajena wannan ba aibi ba ne ga turaren da za a yi aikin gida da shi.

Furen da aka kwaikwayo shi ne nau'in yasmin da Larabawa suke kira ful, wanda ake nomawa sosai a yankin Jazan da ke kudu maso yammacin Saudiyya, inda ake sarƙa shi a zare a yi wa amare ado da shi a wuya da ka. Shi ne kuma furen ƙasa a Filifin, kuma garin Madurai na kudancin Indiya ya yi suna da nomansa. Tataccen man yasmin na asali yana cikin kayan turare mafi tsada a duniya, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san wahalar noma: da hannu ake tsinkar furen ɗaya bayan ɗaya, cikin dare zuwa asuba, domin a lokacin ne yake buɗewa ya saki ƙamshinsa, kamar yadda manoman ƙauyen Shubra Balula na ƙasar Masar suke yi da fitila a goshi, sannan tan guda na fure ba ya ba da abin da ya wuce kilo 1 zuwa 2 na tataccen man. Saboda haka hankali ma ya isa ya nuna cewa turare mai wannan araha ba zallar man fure ba ne, haɗi ne na sinadaran da masana suka gano su ne suke ba yasmin ƙamshinsa. Ban ɗauki wannan a matsayin abin raini ba, domin manyan turarukan Faransa ma sun dogara da irin waɗannan sinadarai, kuma su ne suka sa ƙamshin da a da sai masu hali ya iso hannun matar ƙauye.

Akwai abu guda daga wannan ilimin da zai amfani mai shafawa. A cikin ƙamshin yasmin akwai wani sinadari mai suna indol, wanda kaɗan ɗinsa ne yake sa fure ya yi ƙamshin fure mai rai, amma idan ya yi yawa sai ya koma wani irin nauyi mai hawa kai. Wannan ya sa turaren fararen furanni ba ya son a cika hannu, balle a zafin bazara da yake ninka ƙarfin kowane ƙamshi. Murzawa ɗaya a wuyan hannu, a goga da ɗayan, sannan a taɓa bayan kunne, ta wadatar. Idan fata ta bushe, a fara shafa man kaɗanya kaɗan ko basilin marar ƙamshi, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. A jikina, idan na shafa bayan wankan safe, yakan kai ni azahar ana jin sa, daga nan sai ya rage sai an matso kusa. A jikin ɗankwali kuwa yakan kwana.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne taron mata na rana. A wani suna da muka yi a maƙwabta cikin watan Afrilu, mata sun cika rumfar kara ana ta fifita da maficin kaba, ga tukwane a kan murhu, ga humra kala-kala ta gauraye da hayaƙin itace. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni a tabarma, wadda na san ƙamshi mai ƙarfi yana tayar mata da ciwon kai, ta kamo hannuna ta kai hancinta, ta ce, "'Yar nan, wannan naki bai dame ni ba, wane iri ne?" Na ce, "Inna, ɗan na shafawa ne, na furen yasmin." Abin da ta lura da shi shi ne ainihin darajar turaren: yana zama kusa da jikin mai shi, ba ya riga ta shiga wuri. Wannan siffa tana da muhimmanci ta wata fuskar kuma, domin malamanmu suna jan hankalin mata kada su fita da ƙamshin da zai bi hanya yana sanar da maza wucewarsu. Ko da yake bai kai na fesawa tashi ba, turare ne dai, don haka na fi ganin dacewarsa a cikin gida da tsakanin mata.

Wasu za su tambaya ko ya kai Bintu Sudan, turaren da wani kamfanin Landan ya fara haɗawa a shekarar 1920, wanda ake yin sa a nan Kano kuma iyayenmu suka daɗe suna zuba shi a haɗin turarensu. Shi ma na mai ne kuma akwai fure a cikinsa, amma ya fi kauri da ɗumi, ya fi dacewa da dare da shimfiɗa da kayan amarya. Full bai kai shi daɗewa ba, kuma ba zai maye gurbinsa a haɗin humra ba. Aikinsa daban ne, na safiya da hantsi.

Game da farashi, yana hawa yana sauka tare da canjin dala, amma har yanzu yana cikin mafi arahar turarukan da ake shigowa da su, kuma mace za ta iya sayensa daga ribar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ba tare da ta jira kwasar adashi ba. Ana samunsa wajen 'yan koli a kasuwar Wudil ranar Juma'a, kuma a kwali mai ɗauke da kwalba 6 yake zuwa, don haka idan mata suka haɗa kuɗi aka yi musu sari daga birni ya fi sauƙi. Sai dai duk abin da ya karɓu ba ya rasa jabu. A duba rubutun jikin kwalba ya fito sarai, a duba murfin yana kamawa, sannan a nemi mai kaya ya murza kaɗan a bayan hannu, a je a ƙarasa cefane a dawo. Idan kafin nan ƙamshin ya gudu ko ya koma warin tsohon mai, a bar masa kayansa.

Da yake mai ne, kada a murza shi kai tsaye a kan farin hijabi ko shadda mai haske, domin kowane turaren mai yana iya barin tabo. Kada kuma a ajiye shi a bakin taga ko kan madubi a ɗakin da ke da rufin kwano, inda zafin rana yake dafa komai, domin zafi da haske suna lalata ƙamshin fure da wuri. A tura shi cikin adaka tsakanin zannuwa. Wadda take neman turaren da zai cika ɗaki ko ya raka ta wunin biki har dare, ta riƙe humrarta, wannan ba zai gamsar da ita ba. Amma ga budurwa, da mai jego da ba ta son ƙamshi mai nauyi kusa da jariri, da duk matar da take son ta yi wanka ta ji ta wartsake a tsakiyar zafin Afrilu, ina ba da shawarar a saye shi, a fara da kwalba ɗaya a gwada a jiki kafin a shiga sarin kwali.