Motar haibirid: mai kaɗan take sha, amma birkinta sai an saba

Na jima ina tuƙa mota mai haɗa fetur da lantarki, wadda ake ce wa haibirid. Wajen shan mai ba ni da ƙorafi. A cunkoso ma injin kan mutu da kansa, batir ya ci gaba da jan ta. Damuwata ɗaya ce, wata 'yar zabura da take yi.

In na taka birki a hankali, taya ta faɗa rami ko gargada, sai in ji kamar an sake ta, ta ɗan yi gaba. Abin bai kai daƙiƙa guda ba, amma sai gaban mutum ya faɗi, balle in akwai mota a gabansa. Makanike ya jona mata kwamfuta, ya nuna mini cewa totur bai motsa ba ko kaɗan. Ashe birki iri biyu gare ta. A farkon taku injin lantarki ne ke riƙe ta, yana mayar da wuta cikin batir. Da taya ta yi tsalle, na'urar hana sulɓi ta ABS kan yanke wannan riƙon ta miƙa aikin ga birkin mai. A ɗan tsakanin nan ne ake jin zaburar. Bayan an sabunta manhajar abin ya ragu sosai, sai dai bai ɓace duka ba.

Tawa ba ƙirar Toyota ba ce, amma labarinsu ne ya sa nake ɗar-ɗar. A Fabrairun 2010 kamfanin ya janye Prius, motarsa ta haibirid, domin gyara manhajar birki, a daidai lokacin da yake janye miliyoyin motoci kan ƙorafin cewa suna ƙara gudu da kansu. A 2011 injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka ce ba su gano laifin lantarki ba. An ɗora alhakin a kan kafet mai danne totur, da totur mai maƙalewa, da direbobin da ke taka totur a madadin birki. Duk da haka, a 2014 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani.

Zan sake sayen irinta, amma ba zan ba sabon direba ita ba sai na gwada masa birkin a hanya mai gargada. Kafet kuwa dole a maƙale shi da ƙugiyarsa, kada a ɗora wani a kai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka cusa bayanin gaggawa can tsakiyar littafin motar. In ta ƙwace da gaske, a taka birki da ƙarfi ba sassautawa, a sa ta a firi. In ta ƙi, a danne maɓallin kunnawa a riƙe shi 'yan daƙiƙoƙi har ta mutu, domin taɓawa ɗaya ba ta kashe ta tana cikin gudu.